Muhawara: Me Bature ke nufi da "spread-eagled", kuma da wace kalma za mu faɗe shi da Hausa?

Tafinta_Kn
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga malaman Turanci ce da na Hausa baki ɗaya. Ina fassara labarai a wani gidan rediyo. Jiya da yamma, saura minti goma a shiga labarai, aka miƙo mini wani rahoton ƙasar waje: ɓarayi sun fasa kantin gwal, da 'yan sanda suka iso suka tarar da mai gadi "spread-eagled on the floor". Na san spread, na san eagle, amma da aka haɗa su sai kaina ya ɗaure. Na jefa a manhajar fassara ta waya, ta ce mini wai "mikiya mai yaɗuwa". Don Allah me ya kai mikiya kantin gwal? Lokaci ya ƙure, na rubuta "kwance shame-shame", aka karanta haka. Da safe editanmu ya ce ban yi kuskure ba, amma na zubar da wani abu a hanya. Me na zubar? In ku ne, me za ku rubuta?

Dan_Fagge
Mikiya mai yaɗuwa! Wallahi ka gode wa Allah ba ka karanta wannan a iska ba, da yau kai ake yayi a gari.

MalamNahawu
Wa alaikumus salam Malam Tafinta. Abin da ka zubar shi ne siffar kwanciyar. Shame-shame tana gaya mana mutum ya zube, babu ƙarfi a jikinsa, amma ba ta gaya mana inda hannu yake da inda ƙafa take ba. Ita kuwa kalmar Turancin aikinta ke nan kacokan: hannu biyu a ware, ƙafa biyu a ware, jiki ya zama kamar harafin X. Ko a rigingine yake, ko rub da ciki, ko ma a tsaye an manna shi da bango, duk ta ɗauka, muddin gaɓoɓin nan huɗu kowace ta kama gabanta.

Wani abu kuma da ɗalibaina ke yawan faɗawa ciki: ba a cewa "spreaded eagle". Kalmomin biyu sun riga sun narke sun zama aikatau ɗaya, don haka a wutsiya ake liƙa alamar shuɗaɗɗen lokaci, spread-eagled. Mutanen Ingila sukan haɗe ta ba karan ɗori, Amurkawa kuma za ka ji sun ce mutum na kwance spread-eagle, ba d ɗin ƙarshe. Duk daidai ne.

Maman_Khalifa
Ni dai a gidanmu ɗai-ɗai muke cewa. Yarona in ya dawo daga ƙwallo, ya faɗa katifa, hannu nan, ƙafa can, sai in ce "dubi yadda ka yi ɗai-ɗai kamar kai kaɗai ne a ɗakin". Ai ina ga ita ce ta fi kusa, tunda kowace gaɓa ta yi nata wuri.

Tafinta_Kn
Hajiya, na yi tunanin ɗai-ɗai, amma sai na ji kamar mai gadin yana hutawa ne abinsa. Mutumin da ɓarayi suka bari a ƙasa fa.

Maman_Khalifa
Haka ne kuma. Ɗai-ɗai akwai jin daɗi a cikinta.

Bakatsine_Tarihi
Bari in ba ku labarin inda mikiyar ta fito, don ba daga daji aka kamo ta ba, daga jikin garkuwa ne. Sarakunan Turai da manyan gidajensu kowa yana da tambarin da ake zana masa a garkuwa da tuta da hatimi, kuma akwai ƙa'idar yadda ake zana kowace dabba. Mikiya ana zana ta ne ta fuskanto ka da ƙirji, fukafukai a buɗe hagu da dama, ƙafafu a tale, farata a waje, kai ya juya gefe. Ba haka take tashi ba, ba haka take sauka ba, an baje ta ne kawai don a ga komai nata. Tun ƙarni na 16 Ingilishi ke kiran wannan zane spread eagle.

Wanda ke son ganin ta ya duba kwabon yuro 1 ko yuro 2 na Jamus, tana nan a baya. Ko ya juya takardar dala 1 ta Amurka: hatimin ƙasar ne, wanda aka amince da shi a 1782, mikiya ta ware fukafukai, ƙafar dama riƙe da reshen zaitun, ta hagu riƙe da kibau 13, adadin jihohin farko. Albaniya ma tata ce a tuta, har da kai biyu. To daga wannan zanen aka ɗauko kalmar aka ɗora wa mutum.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ta juye. A garkuwa alamar ƙarfi ce da isa. Da ta sauko jikin ɗan Adam sai ta koma akasin haka, galibi wanda aka ce yana spread-eagled to ba shi da ta cewa: an ɗaure shi, ko an kayar da shi, ko ya suma.

Dan_Fagge
To ai mu ma muna da ita a tambarin Najeriya, ja, a saman baƙar garkuwar nan da dawakai biyu ke riƙe da ita.

Bakatsine_Tarihi
Akwai ta, amma dubi fasfo ɗinka da kyau. Tamu a tsaye take bisa ƙafafunta, fukafukai ta ɗaga. Ta Jamus kuwa ba a kan komai take ba, an shanya ta ne kamar fata.

Baba_Majemi
Yaro ka taɓo sana'armu. In aka feɗe akuya, fatar ba a barinta ta naɗe. Ja ake yi ta ƙafafu huɗu, a kafe kowace kusurwa, ta bushe a miƙe. Duk wanda ya taɓa ganin ƙirgi a rana ya san siffar da kuke ta kewayawa. Ni ban yi boko mai nisa ba, jikata ce ke karanta mini, amma da na ji bayanin Malam Nahawu na ce ai wannan shanya ce. An shanya mutum.

MalamNahawu
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi "an shanya shi" ta fi duk abin da na zo da shi hoto. Damuwata ɗaya: a bakin yaran yanzu, in ka ce an shanya mutum, sai su ɗauka an bar shi yana jira ne ba a zo ba.

Zee_Bazazzagiya
Ƙwarai kuwa Malam. "Ya shanya ni tun azahar." A rediyo sai a ce ɓarayin alkawari suka saɓa wa mai gadi.

TsohonSoja_79
Ku bar raha, kalmar nan tana da tarihi mai ɗaci. A zamanin jiragen ruwa masu filafilai, in matuƙi ya yi laifi, tuɓe masa riga ake yi, a ɗaure hannu biyu a sama a ware, a ɗaure ƙafafu, sannan a zane shi da bulala gaban sauran ma'aikata. Wannan ɗaurin shi ne mayar da mutum spread eagle. Dalili a fili yake: wanda aka ware ba ya iya dunƙulewa, ba ya iya kare bayansa, fatar kuma a miƙe take. Sojan ruwan Amurka sai a 1850 aka hana su bulala.

Sojan ƙasa na Birtaniya kuma suna da wani horo a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, da ake ɗaure soja jikin ƙafar igwa ko shinge har awa biyu a rana. Su kansu sojojin gicciyewa suke kiransa, saboda yadda akan ware wa mutum hannuwa. An soke shi a 1923.

Saboda haka ɗana Tafinta, editanka ya yi gaskiya. In Bature ya ji kalmar a labarin fashi, abin da ke zuwa masa a rai shi ne an tilasta mutumin. Ni da zan rubuta, cewa zan yi "an kwantar da shi, an ware masa hannuwa da ƙafafu".

Abu_Hanan
Baba soja ka tuna mini makarantar kwana. Akwai wani malamin horo da muka yi, in laifinka ya girma ba ya cewa ka kwanta. Manyan ɗalibai huɗu yake kira, kowa ya kama gaɓa ɗaya, su ɗaga ka sama kana lilo, cikinka na kallon ƙasa. Na sha sau ɗaya, a kan na tsallake katanga na je sayen ƙosai. Ba bulalar na fi tunawa ba, yadda na ga takalmina ɗaya ya faɗi ƙasa kuma ba ni da hannun ɗauka, shi ne ya tsaya mini har yau. Ashe abin yana da suna a Turanci.

Hajiya_Mai_Kwano
Allah sarki. Allah ya sa an daina wannan.

Dan_Fagge
Ƙosan dai ka ci ko ba ka ci ba?

Abu_Hanan
A aljihu aka same shi, shi ne shaidar da ta kashe ni.

Injiniya_Sadau
Ban yarda da Bakatsine da Baba soja ɗari bisa ɗari ba, cewa kullum tilas ce ko rauni. Akwai inda mutum ke yin ta da gangan don ya tsira. Masu dirowa daga jirgin sama da lema, kafin su buɗe lemar, abin da ake fara koya musu ke nan: ciki ƙasa, hannuwa da ƙafafu a ware, baya a ɗan lanƙwashe. Jiki in ya baje iska ta fi samun wurin tokarewa, sai gudun faɗowar ya tsaya wajen kilomita 200 a awa, kuma mutum ba ya ta wulwulawa. Wanda ya haɗe jikinsa ya yi kai ƙasa ya fi haka gudu nesa ba kusa ba.

Haka a ƙasashen sanyi, in tafki ya daskare kana tafiya a kai ka ji ƙanƙarar na tsagewa, shawarar da ake bayarwa ita ce ka kwanta ka baje, ka ja ciki ko ka mirgina. Nauyinka bai ragu ba, amma ya rarrabu a fili mai faɗi maimakon ya taru a tafin ƙafa biyu. Hikimar tafin raƙumi ce a kan rairayi. Duk wannan spread-eagle suke cewa, kuma ba wanda ya ɗaure kowa.

Bakatsine_Tarihi
Na karɓi gyara Injiniya, shi ya sa na ce galibi. Amma ko naka misalin ka duba: ɗaya yana faɗowa daga sama, ɗaya ƙasa na neman haɗiye shi. Ba mai isa a cikinsu.

RedDevil_Gwammaja
Mai isa yana nan: Peter Schmeichel, mai tsaron raga. Wanda ya kalli Manchester United daga 1991 zuwa 1999 ya san yadda yake fitowa ɗan wasa in sun rage su biyu. Tsalle yake yi ya ware hannu da ƙafa gaba ɗaya, ya cika raga, ka rasa ta inda za ka buga. Daga ƙwallon hannu ya ɗauko salon, don ya buga ta a Denmark yana yaro. Wannan ba rauni ba ne, tsoratarwa ce, irin ta mikiyar garkuwar da kake faɗa.

Zee_Bazazzagiya
'Yan Man U ba su da labari sai na 1999. Ko maganar Turanci ake sai sun tono kabari.

RedDevil_Gwammaja
'Yar'uwa ki bar ni da abin da ke damuna.

Admin_Zaure
Jama'a a dawo kan tambaya. Mai son muhawarar ƙwallo ga zaurenta can.

Dr_Hauwa_Leeds
Ina zaune a Ingila shekara tara, bari in faɗi yadda nake jin ta a bakin mutane. Da farko dai ba kalmar hira ta kullum ba ce, ta jarida ce da littattafan labari da masu sharhin wasanni. A hira in mutum ya baje a gado shi kaɗai ya cinye wuri, sun fi kamanta shi da halittar ruwan nan mai yatsu biyar kamar tauraro. Na biyu, za ka gan ta a allon mashaya. Gidajen giya da masaukai masu suna The Spread Eagle suna da yawa a ƙasar nan, kuma ba abin da sunan ke nufi sai tsohon tambarin da Bakatsine ya bayyana. Ranar da na fara gani na zaci wani abin ne daban.

Wanda ya kai ni ga na uku, kuma zan faɗa a sakaye don akwai iyaye a zauren. Kalmar tana da wata fuska ta rashin kunya, musamman in mace ake siffantawa. Kada malami ya ce wa 'yan aji su je su nemi hotonta a intanet. Kada kuma ka yi wa abokiyar aiki raha da ita. A labarin fashi ko na haɗari ba wanda zai kawo wannan a ransa, amma a wajen wasa za a iya.

Hajiya_Mai_Kwano
Allah ya yi miki albarka Dakta, gara da kika faɗa. Mu ma ai haka ne. "Tale ƙafa" ba kalmar da za ka faɗa gaban surukai ba ce, ko da kuwa a kan babur kake magana.

MalamNahawu
Shi ya sa ban kawo tale ba tun farko, Hajiya, ko da yake ta fuskar ma'ana ta yi rabin aikin. Ware ta fi ta kamun kai.

Alhaji_Zango_Kumasi
Salamu alaikum daga Kumasi. Maganar allo da Dakta ta yi ta tuna mini banki. Mu nan Gana mun daɗe muna ganin shuɗiyar mikiyar Barclays a bakin titi, sai a 2020 aka sauya suna ya koma Absa. Wani ɗana da ya yi aiki a harkar ya ce mini tambarin daga allon shago ya samo asali. A da can gidajen Landan ba su da lamba, kowane shago da hoton da ake gane shi da shi, su kuma masu bankin a 1728 suka koma wani gida a titin Lombard mai allon baƙar mikiya mai buɗaɗɗun fukafukai. Shi ke nan ta bi su.

Bakatsine_Tarihi
Gaskiya ne Alhaji. Mu ma a Najeriya iyayenmu sun san bankin Barclays, shi ne ya koma Union Bank a 1979. Mikiya ta tafi, doki ya zo.

Sakkwato_Birnin_Shehu
Ni ban ga abin wahala ba. Ku tai wurin mai nama da dare, ku ce ya ba ku kaza banƙararra. An tsaga ta, an buɗe, an danne ta bisa waya, fiffike nan, cinya can. In ba wannan ne spread-eagle ba, to mi ne ne? A ce an iske mai gadi a banƙare, magana ta ƙare.

Dan_Fagge
Basakkwace ya kawo yunwa cikin ilimi.

Dr_Hauwa_Leeds
Ku daina dariya, Malam bai yi nisa da gaskiya ba. A tsohon Turancin girki ana kiran kazar da aka tsaga aka baje aka gasa da wannan sunan. Yanzu dai spatchcock suka fi cewa.

MalamNahawu
A kaza na yarda. A mutum ban yarda ba, ranka ya daɗe. In Bahaushe ya ce an banƙare mutum, baya aka ja hannuwansa, ƙirji ya turo gaba, kamar wanda aka yi wa ɗaurin kawo wuƙa. Hannuwan haɗuwa suke yi a baya, ba rabuwa ba. Mai saurare zai ga wani hoto daban da wanda rahoton ya zana.

Sakkwato_Birnin_Shehu
To ku Kanawa ku ka da rediyo, ku yi yadda kuka so.

Issoufou_Damagaram
Gaisuwa daga Zinder. Mu da muka yi lakwal da Faransanci ba mu da wannan matsalar, don Bafaranshe bai sa tsuntsu a ciki ba. Cewa yake mutum ya faɗi "les bras en croix", wato hannuwa a gicciye, ko kuwa ya faɗa filla-filla cewa hannuwa da ƙafafu a ware. Ka ga kowane harshe da abin da ya ɗauko ya kwatanta: wani mikiya, wani gicciye, Baba Majemi kuma ƙirgi. Mu tambarin Nijar ma babu tsuntsu, rana ce da kan sa da zangarniyar hatsi da mashi da takubba. Shawarata kada a wahalar da kai neman kalma ɗaya. Wa ya ce dole kalma ɗaya ta Turanci ta haifi kalma ɗaya ta Hausa?

Ummu_Sumayya
Tambaya a gefe don Allah. Kowa na ta cewa mikiya, mikiya. Mu a makaranta gaggafa aka koya mana ita ce eagle. Wanne ne daidai?

Malam_Tsuntsaye
Kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi Malama. In aka bi tsoffin ƙamusoshin Hausa, mikiya wata ƙatuwar tsuntsuwa ce dangin ungulu, mai cin mushe, mai tashi sama ƙwarai. Gaggafa ita ce mai farauta, mai gajeriyar wutsiya da jan fuska, wadda za ki ga tana shawagi tana karkata hagu da dama. Ga shaho, ga shirwa mai ɗaukar 'yan tsaki, kowa da gidansa. Amma bakin jama'a ya riga ya ba mikiya sarautar, ana cewa mikiya mai hangen nesa, kuma in aka tashi fassara Super Eagles ba wanda ke tunanin ungulu. Ni na daina faɗa a kan wannan, na gaji.

Dan_Fagge
Wato kana nufin shekara da shekaru 'yan uwan ungulu muke goya wa baya? To yanzu na gane wasu abubuwa.

Admin_Zaure
Dan_Fagge, gargaɗi na biyu.

Lauya_Bichi
Akwai ma'anoni biyu da ban ga an ambata ba, kuma su ne za su fi kayar da mai fassara, don babu kwanciya a cikinsu sam.

Ta farko ta siyasar Amurka ce. A ƙarni na 19, musamman ranar bikin 'yancin kai, 4 ga Yuli, 'yan siyasa kan hau mumbari su yi ta zuba: ƙasarmu ta fi kowace, ba mai iya ja da mu, daga wannan teku zuwa wancan namu ne. Sai masu ba'a suka laƙaba wa irin wannan jawabi spread-eagle, wato mai maganar ya baje fukafukai kamar mikiyar hatimi. Har suna suka ƙera, spread-eagleism. In ka ci karo da ita a littafin tarihi, kada ka nemo ɗai-ɗai ko shame-shame. Cika baki ne, buga ƙirji, tinƙaho da ƙasa. Ba yabo ba ne, zolaya ce.

Ta biyu ta wasanni. A sukuwar dawaki in aka ce doki ya yi spread-eagle da sauran, ana nufin ya tsere musu har sun watse a bayansa, kowa shi kaɗai. Irin abin da dokin nan Secretariat ya yi a tseren Belmont a 1973, da ya ba na biyu ratar tsawon doki 31. Mu muna da kalmar da ta fi tasu daɗi: ya yi musu fintinkau. A wasan kurket kuma, in ƙwallo ta daki sandunan nan uku da ke bayan mai bugu suka tarwatse, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma, ita ma haka masu sharhi ke cewa.

Zee_Bazazzagiya
Lauya, waccan ta cika bakin ai muna da masu ita, ba sai an je Amurka ba. Lokacin kamfe ya kusa, za ka ji.

Dr_Hauwa_Leeds
Ƙari a kan na Lauya: 'yata tana koyon zamiya a kan ƙanƙara, su ma suna da wani salo mai wannan sunan. Ƙafa biyu a ƙasa, a ware, yatsu na kallon waje, dugadugai na kallon juna, mutum na tafiya a gicciye yana zana da'ira. Na gwada a kan kafet kawai, sai da ƙuguna ya yi kwana biyu yana ciwo. Kuma a nan ƙafa ce abin lura, hannu ko an ware ko ba a ware ba sunan bai canza ba. Don haka ko X ɗin Malam Nahawu ba ko'ina ta kai ba.

MalamNahawu
Na sallama Dakta. Ni a kan ƙasa na koyi Turancina, ban hau ƙanƙara ba.

Sani_Mai_Adaidaita
Ni tambayata, wanda ke shiga mota ya bararraje, gwiwa nan gwiwa can, ya matse mutane biyu, shi ma spread-eagle ne? Don kullum ina fama da su a baya.

Dr_Hauwa_Leeds
A'a, wannan sunansa daban, manspreading. Har kamfe hukumar jiragen ƙasa ta New York ta yi a kansa a 2014, Madrid kuma ta liƙa alamar hani a motocin bas a 2017. Shi a zaune yake, hannunsa na kan waya. Bararraje da ka faɗa ta wadatar.

Tafinta_Kn
Jama'a na gode ƙwarai, ban zaci abin zai kai haka ba. Ga abin da ya faru. Yau ci gaban labarin ya shigo, an ce ɓarayin ne suka sa mai gadin ya kwanta fuska a ƙasa, suka ce in ya motsa za su harbe shi, shi kuma bai ɗago ba har 'yan sanda suka zo. Sai na bi Baba soja, na rubuta: "an tarar da shi kwance rub da ciki, hannuwa da ƙafafu a ware." Edita ya karanta ya gyaɗa kai, amma ya ce kalma goma sha uku na kashe a inda Bature ya kashe ɗaya, kuma daƙiƙa talatin aka ba labarin.

TsohonSoja_79
Ka ce masa ya rage daga gaisuwar da suke yi kafin labarai.

Maman_Khalifa
Ni har yanzu ina ga da ka ce "an sa shi ya yi ɗai-ɗai a ƙasa" da ta wuce. "An sa shi" ɗin nan ta cire hutun.

MalamNahawu
Hajiya wannan ta shiga kunnena. Sai dai rub da cikin ya ɓace.

Sakkwato_Birnin_Shehu
Banƙararre. Kalma guda. Ku auna da agogo ku gani.

Baba_Majemi
Jikata ta karanta mini duka. Ku zo Majema da hantsi in nuna muku fata a kafe, sannan kowa ya faɗi tasa.